Daga Hadarin Gabas Zuwa Mahaukaciyar Guguwa: Yadda Iska Ke Renon Guguwar Teku Ko Ta Kashe Ta

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na reshenmu



 Muna godiya ga kwamitin ilimi na reshe da ya ba mu wannan dama mu ɗan tofa albarkacin bakinmu a kan wani darasi na kimiyyar yanayi.

Duk shekara, daga watan Agusta zuwa Oktoba, kafafen watsa labarai sukan cika da labarin mahaukaciyar guguwa a Amurka ko a tsibiran Karibiyan ko a Filifin. Yaranmu suna ganin hotunan a wayoyin iyayensu, gidaje sun rushe, motoci suna yawo a kan ruwa, kashegari kuma su zo aji da tambaya: “Malam, me ke kawo ta? Za ta zo garinmu?” Malamin firamare shi ne wanda aka fi yi wa irin wannan tambaya, kuma amsar da ya bayar ita yaro zai kai gida. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne, labarin wannan guguwa a saman kawunanmu yake farawa. Hadarin da ke shayar da geronmu da dawarmu, shi ne irin da yawancin manyan guguwowin Tekun Atilantika suke tsira daga gare shi, kuma iska ce take yanke hukuncin ko irin nan zai rayu ko zai mutu.

Guguwa suna ɗaya, abubuwa daban-daban

Sai mu fara da gyara suna, domin kalmar guguwa tana ɗauke da kaya masu yawa a harshenmu. Akwai guguwar da muka saba gani a filin makaranta da tsakar rana lokacin bazara, wadda ke murɗa ƙura da ledoji ta yi sama da su. Wannan zafin ƙasa ne ke tayar da ita, faɗinta 'yan taku ne, kuma cikin 'yan mintoci take mutuwa. Akwai kuma iskar da ke gaban hadari, mai yaye kwanon ɗaki, wadda za mu koma kanta nan gaba. Guguwar teku dabam take da waɗannan duka. Tarin hadari ne masu yawa da suka haɗu suna juyawa a kan cibiya ɗaya a bisa teku mai ɗumi. Faɗinta yakan kai kilomita 500 ko fiye, wato da za a ɗora ta a kan ƙasarmu, da ta rufe daga Katsina har ta wuce Abuja. A tsakiyarta akwai wani fili da ake kira ido, inda iska ke lafawa har a ga sararin sama, kuma faɗinsa yakan yi kamar tazarar Kano da Wudil. Takan rayu mako ɗaya ko biyu.

Idan gudun iskarta ya kai kilomita 63 a awa ɗaya sai a raɗa mata suna. Idan ya kai kilomita 119 a awa, ta zama cikakkiyar mahaukaciyar guguwa ke nan. A Tekun Atilantika ana ce mata harikan, a yammacin Tekun Fasifik taifun, a Tekun Indiya kuwa saikulon, amma abu ɗaya ne. A duk faɗin duniya guguwowin da ke kaiwa ga samun suna ba su wuce 80 zuwa 90 a shekara ba, alhali hadarin da ke tasowa a kan tekunan yankin zafi ba shi ƙirguwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa sai sharuɗɗa da dama sun haɗu a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kafin a haife ta.

Abincinta: ruwa mai ɗumi

Sharaɗi na farko shi ne teku mai ɗumi. Masana sun lura cewa sai zafin ruwan saman teku ya kai kimanin digiri 26 da rabi a ma'aunin Salshiyas, kuma ɗumin ya nutsa zuwa zurfin mita 50 ko makamancin haka. Dalilin neman zurfin shi ne, guguwa tana dama teku kamar yadda ake dama fura, ta tono ruwan ƙasa ta kawo shi sama. In ruwan ƙasan mai sanyi ne, ta kashe wutarta da hannunta.

Yaya ruwa mai ɗumi ke zama ƙarfin iska? Amsar tana cikin randar da ke tsakar gidan kowannenmu. Ruwan randa yana yin sanyi ne domin yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, ya zama tururi, tururin kuma ya tafi da zafi. Haka gumi ke sanyaya jikin mutum. Zafin nan ba ɓacewa ya yi ba, ɓoye yake cikin tururin, kuma yana da yawa ƙwarai: zafin da ake bukata a mai da kofin ruwa tururi ya ninka sau biyar wanda ake bukata a ɗauko kofin daga sanyin ƙanƙara a kai shi ga tafasa. Idan tururin ya hau sama ya tarar da sanyi, sai ya koma ɗigon ruwa, ya zama gajimare, a nan take ya saki duk zafin da ya ɗauko. Zafin sai ya ƙara ɗumama iskar da ke cikin gajimaren, ta ƙara sauƙi, ta ƙara hawa. Wurin da ta baro a ƙasa sai nauyin iska ya ragu, iskar gefe ta kwararo don cike gurbin, tana shafar fuskar teku tana kwaso sabon tururi. Da haka abin ke ciyar da kansa. Shi ya sa da zarar guguwa ta hau tudu, ko ta shiga ruwa mai sanyi, sai ƙarfinta ya fara raguwa, domin an raba ta da akushinta.

Mai murɗa ta: juyawar duniya

Da iskar nan za ta miƙe kai tsaye zuwa cibiya, da nan da nan gurbin ya cika, magana ta ƙare. Abin da ke hana haka shi ne juyawar da duniya ke yi a kan kanta sau ɗaya kowace awa 24. Saboda wannan juyi, duk iskar da ta yi doguwar tafiya takan karkace, zuwa dama a arewacin duniya, zuwa hagu a kudancinta. Wani Bafaranshe masanin lissafi mai suna Koriyolis ne ya bayyana lissafin wannan karkacewa a 1835, shi ya sa ake kiran ta da sunansa. Iskar da ta nufo cibiya daga kowace kusurwa sai ta kauce, ta shiga kewaya cibiyar. A arewacin duniya guguwa tana juyawa saɓanin tafiyar hannun agogo, a kudanci kuma tana bin hannun agogo.

A kan layin Ikweta, wanda ya raba duniya gida biyu, wannan karkacewa babu ita sam, sai an yi nisa da layin take ƙaruwa. Don haka da wuya a ga guguwar teku ta tsira a cikin digiri biyar na kusa da Ikweta, wato tazarar kimanin kilomita 550, kome ɗumin ruwan wurin. Mu riƙe wannan, domin za mu bukace shi idan mun zo amsa tambayar yaranmu.

Irinta: hadarin gabas

Ruwa mai ɗumi da juyawar duniya gona ce da taki. Sai an jefa iri, wato wani tarin hadari da ya riga ya fara ɗan murɗawa. A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu.

Kowane manomi ya san abubuwa biyu game da damina. Ya san iskar da ke kawo laima daga kudu maso yamma take busowa, daga wajen teku. Ya kuma san hadarin da ke zubar da ruwan kirki daga gabas yake tasowa. To, yaya iska za ta fito daga wannan ɓangare, hadari kuma ya fito daga wancan? Dalili shi ne iska hawa-hawa take, kamar benen da kowane hawa da masu zirga-zirgarsa. A hawan ƙasa iskar damina ce mai laima. A bisanta, wajen kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa, akwai wani kogin iska da ke gudu daga gabas zuwa yamma, gudun da ya kai kimanin kilomita 40 a awa. Abin da ke haifar da shi shi ne bambancin da ke tsakanin Sahara mai tsananin zafi da bushewa a arewa, da gaɓar teku mai sanyi da laima a kudu. A watan Agusta tsakiyar kogin nan yakan daidaita wajen digiri 13 zuwa 15 arewa da Ikweta, kusan saitin Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Shi ke tura hadari yamma.

Kogin nan ba a miƙe yake tafiya ba. Yana lanƙwashewa kamar igiyar da aka kaɗa, kuma kowace lanƙwasa tana tafiya yamma tare da tarin hadari a jikinta. Masana suna kiran su igiyoyin gabas na Afirka. Da yawansu daga duwatsun Habasha da na Darfur suke farawa, su keto Chadi, su ratsa ta kanmu, su bi Burkina Faso da Mali su faɗa teku ta gaɓar Senigal da Gini. A kan hanya tsaunuka irin na Jos da na Azbin sukan ƙara musu sabon hadari. Tsakanin igiya da igiya akwai kilomita 2,000 zuwa 4,000, kuma sabuwa tana wucewa duk bayan kwana uku zuwa biyar. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ruwan damina yakan zo, ya ɗan ɗauke kwana biyu ko uku, sannan ya dawo. Igiyar da ta wuce ta kanmu yau, bayan kwana huɗu ko biyar tana bakin teku a Dakar.

Kimanin igiyoyi 60 ne ke fita daga Afirka ta Yamma a shekara. Mafi yawansu sukan mutu a kan teku ba wanda ya ji labarinsu. Amma 'yan kaɗan ɗin da suka rayu su ne tushen fiye da rabin guguwowin Atilantika, kuma cikin manyan masu tsananin ɓarna, kimanin kashi 85 cikin ɗari daga gare su suke. Muhimmancin wannan ne ya sa a 1974 ƙasashe da dama suka tara jiragen ruwa da na sama a Dakar don nazarin yanayin gabashin Atilantika, a 2006 kuma aka yi wani babban bincike a kan daminar Afirka ta Yamma, wanda Yamai ta kasance ɗaya daga cikin manyan sansanoninsa. Har gobe, masu hasashen guguwa a Miyami ta Amurka, idan damina ta yi nisa, hotunan tauraron ɗan'adam na sararin samaniyarmu suke sa wa ido.

Maƙiyanta biyu: saɓanin iska da busasshiyar iska

Me ya sa mafi yawan igiyoyin ke mutuwa? Babban dalili shi ne abin da za mu kira saɓanin iska, wato iskar sama da ta ƙasa su bambanta a gudu ko a alkibla. Mu tuna hayaƙin murhu da sassafe. In gari ya yi tsit, hayaƙi yakan miƙe sama sak kamar sanda. In kuwa akwai iska a saman katanga, da ya kai can sai ya karye ya watse. Guguwa ma ginshiƙi ce ta iska mai ɗumi, tsayinta ya kai kilomita 12 zuwa 15. Tana shaƙar iska ta ƙasa, tana fitar da ita ta sama, kuma dole kanta ya zauna daidai bisa ƙafafunta. Idan bambancin gudun iskar sama da ta ƙasa ya haura kimanin kilomita 35 zuwa 40 a awa, sai ginshiƙin ya karkace, zafin da ya kamata ya taru a cibiya ya tafi wani wuri, guguwar ta kasa haɗa kanta. Wannan ne ma ya sa kudancin Atilantika kusan ba ya ganin guguwa, ga ruwa mai sanyi ga saɓanin iska mai ƙarfi. Da guguwar Catarina ta faɗa wa kudancin Barazil a watan Maris na 2004, abin ya zama abin mamaki ga masana kansu.

Maƙiyi na biyu ɗan gida ne, wato iskar Sahara. Mun san hazon hunturu, wanda yawancin ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Da damina ma Sahara ba ta daina fitar da ƙura ba, sai dai a lokacin ta saman iskar teku take bi. Daga hamadar Mali da Muritaniya da Aljeriya, wani bargo na iska mai zafi da bushewa da ƙura yakan shimfiɗu a kan Atilantika, tsakanin kilomita ɗaya da rabi zuwa kusan shida daga ƙasa. A watan Yuni na 2020 wani irin wannan bargo ya ƙetare tekun gaba ɗaya ya duhunta sararin tsibiran Karibiyan. Idan ƙaramar guguwa ta shaƙi wannan iska, ɗigon ruwan gajimarenta sai ya bushe, iskar ta yi sanyi ta nutso ƙasa maimakon ta hau. Zafin bargon kuma yakan zama kamar murfi a kan tukunya, ya hana sabon gajimare tsayi. Sahara ke nan: ita ta haifi kogin iskar da ke samar da irin, ita kuma ke aika ƙurar da ke shaƙe shi. Ƙurar takan ragu daga tsakiyar Agusta, daidai lokacin da teku ya gama ɗumama kuma saɓanin iska ya yi sauƙi. Shi ya sa, ko da yake kakar guguwar Atilantika tana farawa daga 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba, ganiyarta wajen 10 ga Satumba ce.

Tarihin guguwar Andrew ya isa misali. A ranar 14 ga Agusta, 1992, wata igiya ta fita daga gaɓar Afirka ta Yamma. Bayan 'yan kwanaki ta yi ƙarfin da aka raɗa mata suna, sai ta ci karo da saɓanin iska mai tsanani. Wajen 20 ga wata, jirgin saman da aka aika ya auna ta da ƙyar ya sami alamar cibiyarta, saura ƙiris ta watse. Sai iskar sama ta sauya, saɓanin ya lafa, ga kuma ruwa mai ɗumi a gabanta. Cikin kwana uku ta kai matakin ƙoli na ƙarfin guguwa. Ranar 24 ga Agusta ta afka wa kudancin jihar Filorida, ta rushe dubban gidaje, ta yi ɓarnar sama da dala biliyan 25. Kwana goma kacal tsakanin fitarta daga Afirka da wannan ta'adi, kuma da iskar sama ta ƙara kwana ɗaya ko biyu a yadda take, da wataƙila ba wanda zai tuna sunanta.

Daminarmu da guguwarsu

Akwai kuma abin da ke sauya yanayin shekara ɗungurungum. A wasu shekaru ruwan gabashin Tekun Fasifik yakan yi ɗumi fiye da yadda aka saba, abin da ake kira El Nino. Wannan yakan ƙarfafa iskar sama mai busowa daga yamma a kan Karibiyan, saɓanin iska ya ƙaru, guguwar Atilantika ta ragu. A irin waɗannan shekaru kuma sau da yawa daminar yankinmu takan yi rauni.

Wani masani Ba'amurke, William Gray na Jami'ar Jihar Kolorado, wanda ya fara fitar da hasashen kakar guguwa tun 1984, ya nuna a 1990 cewa shekarun da yammacin Sahel ya sami ruwa sosai su ne shekarun da manyan guguwowi suka fi faɗa wa gabashin Amurka, shekarun fari kuma suka ragu. Iyayenmu da ke zaune a nan ba su manta farin 1973 da na 1983 zuwa 1984 ba. To, a 1983 guguwa huɗu kacal aka raɗa wa suna a Atilantika. A 2020 kuwa, shekarar da Kogin Kwara ya yi cikar da ba a taɓa auna irinta ba a Yamai, ambaliya kuma ta cinye gonakin shinkafa a Kabi, guguwa 30 aka raɗa wa suna, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Kada mu koya wa yara cewa ruwanmu ne kaɗai ke jawo musu bala'i. Ɗumin teku da tsarin iskar sama su ne ke juya al'amuran biyu tare. Abin lura shi ne, manomin Gumel da masuncin tsibirin Haiti, waɗanda ba su taɓa jin labarin juna ba, iska ɗaya ce ke ratsa rayuwarsu.

To, za ta zo garinmu?

Yanzu muna da abin da za mu amsa wa yaro da shi, amsa mai hujja. Guguwar teku ba ta tsira a kan tudu, mu kuwa ɗaruruwan kilomita ne tsakaninmu da teku. Gaɓar Nijeriya ma ba ta cikin hanyarta, saboda dalilai uku. Legas tana wajen digiri shida da rabi ne arewa da Ikweta, Fatakwal ba ta kai biyar ba, tekun da ke kudu da su kuwa ya fi su kusa da layin, inda juyawar duniya ba ta da ƙarfin murɗa iska. Na biyu, daga Yuli zuwa Satumba ruwan wannan teku yakan yi sanyi, saboda ruwan ƙasa da ke tasowa sama. Na uku, iskar da ke ɗauke da irin yamma take tura shi, tana nesanta shi da mu. Saboda haka duk saƙon da aka yaɗa a waya cewa mahaukaciyar guguwar teku ta nufo Kano ko Sakkwato, malami yana iya kwantar wa jama'a da hankali ba tare da shakka ba.

Sai dai Afirka ba ta kuɓuta duka ba. A ƙarshen Agusta na 2015 guguwar Fred ta ƙulla ƙarfinta jim kaɗan bayan fitarta daga gaɓar Gini, ta ratsa tsibiran Cape Verde, abin da rabon a gani tun 1892. A kudu maso gabashin nahiyar abin ya fi muni. A tsakiyar Maris na 2019 guguwar Idai ta faɗa wa birnin Beira na Mozambik, ta kashe fiye da mutum 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi, ta lalata dubban azuzuwa. A 2023 guguwar Freddy ta taso daga kusa da Ostareliya, ta ƙetare Tekun Indiya gaba ɗaya, ta rayu kwana 36, mafi daɗewa da aka taɓa rubutawa, kuma a Malawi kaɗai fiye da mutum 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Malamai 'yan'uwanmu ne suka koyar a ƙarƙashin tantuna bayan waɗannan masifu.

Akwai darasi kuma daga Bangaladash. A watan Nuwamba na 1970 guguwa ta kashe aƙalla mutum 300,000 a can, yawancinsu ruwan tekun da iska ta turo kan tudu ne ya ci su. Bayan haka ƙasar ta horar da dubban 'yan sa-kai masu yin shela ƙauye-ƙauye, ta kuma gina mafaka masu bene a kan ginshiƙai, waɗanda da yawansu makarantun firamare ne a sauran ranaku. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, an kwashe fiye da mutum miliyan biyu kafin isowarta, waɗanda suka mutu a ƙasar kuma ba su kai ɗari ba.  Sani da shiri ne suka ƙaru, kuma makaranta ce cibiyarsu.

Abin da ya rage gare mu

Namu rabon na wannan iska shi ne hadarin gabas ɗin kansa. Idan ruwa ya fara zuba cikin gajimare mai tsayi, yakan jawo iska mai sanyi ta faɗo ƙasa da ƙarfi, ta bazu a gaban hadarin tana tura bangon ƙura. Ita ce iskar da ke yaye rufin azuzuwa a farkon damina, lokacin da ƙasa ke bushe kuma zafi ya kai matuƙa. Kowannenmu ya san makarantar da yara suka ƙare zango a gindin bishiya saboda ita. Tunda mun san lokacinta, mun san kuma ta inda take fitowa, bai kamata ta riƙa samun mu ba shiri ba. Muna ba reshe shawara ya sa wakilan makarantu su kawo jerin azuzuwan da rufinsu ya yi rauni tun watan Maris, a miƙa wa hukumar ilimi da kwamitocin iyaye kafin ruwan farko, domin ƙusa da katakon da za a saya a bazara ba su kai kuɗin sabon rufi ba. A dasa layin darbejiya ta gabashin makaranta, nesa kaɗan da gini. A kuma koya wa yara cewa in gabas ta yi baƙi, ba a fakewa a gindin bishiya ko jikin tsohuwar katanga, kuma kada a sallame su su kama hanya hadari na bisa kansu. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, ya cancanci a karanta shi a taron malamai.

A cikin aji kuwa, wannan darasi ba ya bukatar ɗakin gwaji. Randa da tsumma mai laima sun isa su nuna yadda tururi ke ɗauke zafi. A yanka kwali kamar faifai, a soke tsakiyarsa da ƙusa, yaro ɗaya ya riƙa juya shi, wani ya ja layi miƙaƙƙe da alli daga tsakiya zuwa baki: za su ga layin ya lanƙwashe, sun ga aikin juyawar duniya ke nan da idonsu. A ɗaura ƙyalle a kan sanda a tsakar makaranta, yara su kwatanta inda ƙyallen ke nunawa da inda gajimaren sama ke tafiya, su gano da kansu cewa iska hawa-hawa take. A ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, 'yan aji biyar da shida su riƙa auna ruwan da ya taru da rula suna rubutawa, su ƙirga kwanakin da ke tsakanin ruwa da ruwa. Sannan a buɗe taswira, a ɗora yatsa a kan garinmu, a ja shi yamma zuwa Dakar, a ƙetare teku. Yaron da ya yi wannan ba zai ƙara ɗaukar kimiyya a matsayin labarin wasu mutane na nesa ba, domin ya ga cewa abin da masanan duniya ke bi da tauraron ɗan'adam ta saman gonar babansa ya wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma masu hasashen yanayin da ƙasar nan za ta dogara da su nan da shekara ashirin, yau suna zaune a kan benci ko tabarma a gabanmu.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare makarantunmu da ɗalibanmu, ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya.